NullAway a manhajar Android mai haɗe da Java da Kotlin: yana toshe ɓaraka, amma ba duka ba

Tsaron da yaren shirye-shirye na Kotlin yake bayarwa game da null, wato fanko inda ake sa ran samun abu, yana ƙarewa ne a bakin ƙofar Java. Idan aikin da aka rubuta da Java ya dawo da String ba tare da wata alama ba, Kotlin ba ta san ko akwai abu a ciki ko fanko ne ba. Sai ta kira shi String!, ta bar ka ka yi amfani da shi yadda ka ga dama. Kwamfaila, wato manhajar da ke harhaɗa kod, ba za ta ce uffan ba, sai a hannun mai waya manhajar za ta rufe kanta da NullPointerException, kuskuren da ke faruwa idan aka yi amfani da fanko.

Wannan gurbin ne NullAway yake cikewa. Kamfanin Uber ya fitar da shi kyauta a 2017, kuma yana aiki ne a kan Error Prone, kayan aikin gano kurakurai, lokacin harhaɗa kod ɗin Java. Ƙa'idarsa guda ce: duk abin da ba a sa wa @Nullable ba, to ba fanko ba ne. Ana faɗa masa fakitocin kod da zai duba ta saitin AnnotatedPackages, sannan a mai da gargaɗinsa ERROR. Kada a tsallake wannan, domin gargaɗin da ba ya tsayar da aiki ba wanda yake karanta shi.

Inda ya fi burge ni shi ne idan aka haɗa shi da alamomin JSpecify, masu nuna abin da zai iya zama fanko a Java. A sa @NullMarked a kan fakiti, sai String! ya koma String (ba ya zama fanko) ko String? (yana iya zama fanko) a ɓangaren Kotlin. Tun daga Kotlin 2.1 kuwa, saɓa wa waɗannan alamomi kuskure ne kai tsaye.

Sai dai yana da iyaka. Ba ya karanta kod ɗin Kotlin ko kaɗan, don haka duk !! (alamar tilasta wa Kotlin ta ɗauka abu ba fanko ba ne) da aka watsa can yana nan daram. Laburaren waje da ba shi da alamomi, NullAway yana kyautata masa zato, ya ɗauka ba ya dawo da fanko. Mafi haɗari shi ne Gson, laburaren karanta bayanan JSON: yana iya ƙera abu ba tare da ya bi ta konstrakta (kod ɗin da ke cike filayen sabon abu) ba, ya bar null a filin da aka ce ba ya zama fanko. A nan sai an koma laburaren Moshi ko na kotlinx.serialization.

Ga tsohuwar manhaja mai tarin Java, ya cancanci a saka shi. A fara da fakiti ɗaya, wanda Kotlin ta fi kira.