Dabarun chess ga sabon shiga: gudu da agogo ko zama a natse?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi wa mai koyo amfani: ya riƙa warware matsalolin dabara (inda ake nuna maka wani yanayi a allon chess ka nemo takun da ya fi dacewa) da yawa cikin sauri, ko kaɗan a natse. Ga yadda muke ganin su.

Hanyar gudu ita ce warware matsaloli a jere ana tsere da agogo, irin Puzzle Storm na shafin chess na intanet Lichess, mai minti 3, ko Puzzle Rush na shafin Chess.com, inda kuskure uku ke fitar da kai. Amfaninta ɗaya ne: tana sa ido ya gane abin da ya riga ya sani nan take. Wanda bai san komai ba tukuna, sai ta koya masa canki-canka. Zai ga hari kan sarki ya danna, in ya dace kwamfuta ta nuna masa martanin abokin karawa, ya sake cankar na gaba. A wasa na gaske kuwa ba mai yi maka wannan alfarma, in ka taka ka taka.

Hanyar natsuwa ta fi wuya, amma ita ke gina mutum. Ka zaɓi jigo ɗaya, wato nau'in dabara ɗaya, Lichess ya rarraba matsalolin bisa jigo kuma kyauta ne. Fara da kashe sarki a taku ɗaya, sai taku biyu, sannan harin baki biyu, kamar dokin da ya sauka a c7 ya kai wa sarki a e8 da hasumiya a a8 hari lokaci guda (c7, e8 da a8 sunayen gidaje ne a allon). Bayan nan sai ɗaure, wato ɗan allo, kamar doki, da ba zai iya motsawa ba saboda in ya kauce hari zai faɗa kan sarkinsa da ke bayansa. A kowace matsala ka bi tsari: duba duk harin da za ka iya kai wa sarki, sai abin da za ka iya ci, sai barazana. Kada hannunka ya taɓa komai sai ka lissafa har ƙarshe, tare da martani mafi ƙarfi da abokin karawa zai iya yi. Nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa, suna lissafa martanin da suke fata ne.

Minti 20 a kullum, matsala 10 zuwa 15, ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. In minti 5 ya wuce ba ka gani ba, buɗe amsar, ka gano dalilin da ya sa naka takun bai yi ba. In kana faɗuwa fiye da rabi, rage wahalar. Waɗanda ka faɗi ka sake su bayan kwana uku, Lichess na ajiye maka su.

Shawararmu: watanni biyu ko uku na farko, natsuwa zalla. Daga nan ka sa gudun sau ɗaya ko biyu a mako, don ka auna ko siffofin sun zauna a idonka. Makin da shafin ke ba ka kada ya dame ka, ka duba ko ka daina zubar da doki a banza a wasanninka.