Hanyar Ponale ta burge ni, amma mai hayar keke ya ɓata min rai

Shekara shida ke nan ina aiki a Brescia, a arewacin Italiya, Tafkin Garda kuma yana nan a maƙwabtanmu, amma iyakata gefen kudu, wajen Desenzano da Sirmione inda muke kai yara su sha iska lokacin zafi. Ƙanena da ke karatu a Trento shi ya ishe ni da zancen hanyar Ponale, wata tsohuwar hanya da aka fafe a jikin dutse a saman tafkin. Duk sanda muka yi waya sai ya ce, "Yaya, wallahi ba ka ga tafkin nan ba tukuna, sai ranar da ka hango shi daga sama." Wata Asabar cikin Satumba dai na shirya, muka haɗu a Riva del Garda, can ƙarshen tafkin ta arewa. Garin ba shi da tashar jirgin ƙasa, a Rovereto ake sauka a hau bas.

Mun ɗauki hayar keke mai batir guda biyu a wani shago cikin garin. Tun a bakin shagon na matsa birkin baya na nawa, na ji hannun birkin yana tafiya har ya kusa taɓa kan keken. Na nuna wa saurayin da ya ba mu, ya ɗan matsa sau ɗaya, ya ce haka suke, ba komai. Suka riƙe kuɗin ajiya a katina, suka ba mu hular kwano, muka tafi.

Hawa ba ya neman birki, shi ya sa na manta da maganar gaba ɗaya. Kuma gaskiya wurin ma ya isa ya mantar da mutum komai. Da ka wuce tsohuwar tashar lantarkin da ke bakin ruwa sai hanyar ta fara ɗagawa a hankali, ƙasa duk tsakuwa, dutse a damanka tsaye kamar bango, a hagunka kuwa shinge ne kawai, daga shi sai tafki can ƙasa. Ka shiga ramin da aka fafe cikin dutse, sanyi da duhu su rufe ka, ka fito ta ɗaya bakin ka ga ruwan ya ƙara nisa, ya ƙara shuɗi. Iskar safe da suke kira Pelèr tana busowa daga arewa, masu wasan tsere a kan ruwa da allo mai filafilai sun cika gaban garin Torbole kamar an watsa farin balbela, ga dutsen Monte Baldo a tsallake ya tokare sama. Na tsaya ya fi sau goma. Ƙanena yana gaba yana jirana, ni kuwa tasbihi kawai nake yi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da hannu aka yi wannan aiki. Wani attajiri ɗan Bezzecca mai suna Giacomo Cis shi ya tsaya kai da fata har aka buɗe hanyar a 1851, don mutanen kwarin Ledro su samu hanyar sauka Riva. Kafin nan da alfadarai suke sauko da kaya zuwa wata 'yar mashigar ruwa, sannan a loda a jirgi. Na shafa bangon ɗaya daga ramukan da tafin hannuna, gargada-gargada, ban da santsi ko kaɗan. Motoci sun bi ta nan shekara da shekaru har aka huda musu babban rami ta cikin dutsen, sai a 2004 aka sake buɗe ta ga masu ƙafa da masu keke. A kan hanya akwai ramuka da tagogin bindiga na sansanin Tagliata del Ponale, wanda sojojin Ostiriya suka haƙa, don yankin nan a hannunsu yake har 1918. Ƙofofin a kulle muka same su, leƙe kawai muka yi.

Inda hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Pregasina, mu muka bi ta Ledro, ta ƙauyukan Biacesa da Pré zuwa Molina. Nan akwai hawa mai tsauri, kuma a nan dole in yaba wa keken, batirin bai ba ni kunya ba, ya haura da ni kusan mita 600 ba tare da na sauka na tura ba. Tafkin Ledro ƙarami ne, kore shar, shiru. A bakinsa ne a 1929, da aka rage ruwan saboda aikin lantarki, aka tarar da turaku sama da 10,000 na gidajen mutanen da, waɗanda suka yi zamansu a kan ruwa shekaru dubbai da suka wuce. Muka yi alwala da ruwan tafkin mai sanyin ƙanƙara, muka yi azahar a kan ciyawa, muka ci shinkafar da uwargida ta ƙulle mana. A lokacin da an tambaye ni, da tauraro biyar zan ba kowa da komai, har da shagon.

Saukowa ce ta tona asiri. Tun a gangaren farko na ji birkin baya yana kuka, ƙarfe na cin ƙarfe. Na rage gudu, na riƙa lallaɓawa da na gaba. Da muka dawo kan tsakuwa kuma la'asar ta kawo jama'a, hanya ta cika da masu yawo, yara da tsofaffi da karnuka, ga masu keke suna ta saukowa. Dab da bakin wani rami sai ga wata mata ta fito daga duhun riƙe da hannun yarinya 'yar kamar shekara huɗu. Na matsa birkin baya, hannun ya tafi har ƙarshe, keken bai ko rage ba. Na damƙe na gaba da ƙarfi, tayar ta zame a kan tsakuwa, sai ji na na yi a ƙasa. Allah ya sa ta gefen dutse na faɗi, ba ta gefen shingen ba. Tsakanin tayata da yarinyar nan bai kai taku biyu ba. Har yau idan na tuna idonta jikina yakan yi sanyi.

Tafin hannuna na dama ya saɓule, tsakuwa ta shige ciki, gwiwa ta fashe, wando ya yage. Ƙanena ya jefar da kekensa ya rugo yana cewa, "Innalillahi! Yaya, sannu, za ka iya tashi?" Wani dattijo Bajamushe ya tsuguna ya buɗe jakarsa, ya wanke min hannun, ya zare tsakuwar ɗaya-ɗaya, ya naɗe da bandeji. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Allah ya saka masa da alheri. Da muka kifa keken muka duba, abin da ke kama faifan birkin ya cinye ƙarƙaf, saura ƙarfe tsirara. Wannan ba cin kwana ɗaya ba ne, an daɗe ana ba mutane keken nan a haka. Muka ɗauki hoto, na tura shi da ƙafa har cikin gari ina ɗingishi.

Faɗuwar ma ba ta ƙona min rai kamar abin da ya biyo baya ba. Da muka shiga shagon, mai wurin bai ko kalli bandejin da ke hannuna ba. Kai tsaye ya durƙusa gaban keken yana shafa inda fenti ya karce, yana lissafi. Na ce masa tun da safe na faɗa wa yaronsa birkin ba daidai yake ba. Yaron yana tsaye a wurin, ya ce shi bai tuna ba. Na nuna hoton, mai shagon ya ce wai ni na ƙone birkin da rashin iya sauka. Ni da nake zuwa aiki a kan keke kullum, rani da hunturu! Ƙanena ya fara ɗaga murya, na ce masa, "Bari, kada ka biye masa." Ƙarshenta sai da ya zare rabin kuɗin ajiyar. Ko "sannu" ba ta fito daga bakinsa ba.

Hanyar kanta ba ta da laifi, kuma ba zan hana kowa zuwa ba. Shiga kyauta ne, a share take, duk wanda ke da ƙafa zai iya kaiwa inda ta rabu ya dawo. Amma wanda zai hau keke ya matsa birki biyun a gaban mai shago, in hannun ya nutse ya ce a canza, kada ya karɓi "haka suke". Ya kuma je da sassafe, don da rana ta ɗaga cunkoson ya yi yawa ga matsattsiyar hanya irin wannan.

Kwana huɗu ban je aiki ba saboda hannun. Na rubuta wa shagon wasiƙa ta imel, na haɗa da hoton birkin da takardar likita, na ce ba kuɗin ne damuwata ba, su dai cire keken nan daga haya kafin ya kashe ɗan wani. Yau mako uku ke nan babu amsa.