Fok na ƙarfe marar shok: mai tsawon 470 ko mai 485?

Ɗan'uwa, ka ce kekenka na tseren ratsa daji mai wili inci 29 ya zo da fok (ƙafafu biyun da ke riƙe wilin gaba) mai shok da ke nitsewa har milimita 100, shok ɗin ya gaji, kana so ka sa fok na ƙarfe marar shok a madadinsa, amma ka rasa wanda za ka ɗauka cikin guda biyu. Na farko tsawonsa milimita 470 ne, nauyinsa kilo 1.1, bututun wuyansa miƙaƙƙe, kuma da siririn tsinke mai maƙulli ake ɗaura masa wili. Na biyu tsawonsa 485, nauyinsa kilo 1.4, wuyansa mai faɗi daga ƙasa, yana karɓar aksul mai kaurin milimita 15. Na lura nauyin ne ya fi ɗauke maka hankali, alhali a wurina shi ne abin da ya kamata ya zo a ƙarshe.

Tsawon shi ne babbar magana, kuma ana auna shi ne daga tsakiyar aksul zuwa saman kafaɗar fok, inda boris na ƙasa yake zama. Waɗanda suka ƙera firam ɗinka sun tsara shi bisa tsawon fok mai shok, wanda a wili inci 29 da shok na milimita 100 yakan kai 505 ko kusa da haka idan babu kowa a kan keken. Da zarar ka hau, nauyinka zai danne shi da kimanin milimita 20 zuwa 25, ya koma tsakanin 480 da 485, kuma a wannan tsayin ne keken yake tafiya yadda aka nufa. Ke nan fok na biyu zai ajiye gaban kekenka daidai inda ka saba jin sa. Na farko kuwa zai sauke shi da milimita 10 zuwa 15. A ido ba wani abu ba ne, amma ƙa'idar da makanikai ke aiki da ita ita ce, duk milimita 20 da aka rage wa fok tana ƙara miƙewar wuyan keke da kusan digiri ɗaya. Da na 470 za ka sami rabin digiri ko ɗan fiye da haka: kan keke zai riƙa juyawa da sauri, gaba ba zai riƙa ɗagawa ba a hawan tudu mai tsauri, amma a gangare nauyinka zai ƙara komawa kan hannuwa, feda kuma za ta matso ƙasa da 'yan milimitoci, abin da mai ratsa duwatsu da saiwoyi yake ji tun kafin a faɗa masa. Fok mai 470 an fi yin sa ne don firam ɗin da aka tsara wa shok na milimita 80. Kada ka dogara da lissafina kaɗai. Ka sa tef ka auna naka, sannan ka hau keken wani ya sake aunawa.

Akwai wani alheri a fok marar shok da ba a cika ambata ba. Shok yana nitsewa idan ka kama birki da ƙarfi, gaban keke ya duƙa a daidai lokacin da kake bukatarsa a tsaye. Ƙarfe ba ya yin haka, inda ka sa shi nan yake zama, shi ya sa zaɓen tsawon da ya dace yake da muhimmanci tun farko.

Tazarar da aksul ya fita gaba daga layin wuya ba ka faɗe ta ba. A kekuna masu inci 29 yawanci tsakanin milimita 44 da 51 take, kuma idan ta sabon fok ba ta yi nisa da ta tsohon ba, ba abin damuwa ba ne.

Maganar wuya kuwa magana ce ta ya shiga ko bai shiga ba. Miƙaƙƙen bututu kaurinsa inci 1 da kashi ɗaya cikin takwas ne daga sama har ƙasa, mai faɗin ƙasa kuma yana buɗewa ya kai inci 1.5 a wajen kafaɗa. Miƙaƙƙe yana shiga firam mai faɗin wuya idan an sa masa zoben da ke cike giɓin, amma mai faɗi ba ya shiga tsohon firam mai siririn wuya ko da me za a yi. A nan fok na farko ya fi sauƙin kai. Idan tsohon fok ɗinka mai faɗin ƙasa ne, na biyu zai zauna ba tare da ka canza komai ba.

Sai aksul da birki, waɗanda tafiyarsu ɗaya. Birkin faifai yana gefen hagu a bayan ƙafar fok, kuma idan ya kama, ƙarfinsa yana neman tura wili ƙasa ya fitar da shi daga mazauninsa. Siririn tsinke yana riƙewa idan an ɗaure shi da kyau, musamman idan bakin mazaunin yana kallon gaba maimakon ƙasa, don haka ka duba wannan a fok na farko. Aksul mai kauri ratsa ƙafafu biyun yake yi ya shiga zare, wili ba shi da hanyar fita, faifan birki kuma yana komawa wuri guda duk lokacin da ka cire ka mayar. A kan hanya mai gargada wannan ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Sai dai ka tabbatar da faɗin da ke tsakanin ƙafafun a wajen aksul: akwai milimita 100, akwai kuma 110 da ake kira Boost, wanda ya yaɗu daga 2015, kuma dole ya dace da cibiyar wilinka ko ka nemi zobban cikewa. Ka duba kuma girman faifan da kowannensu ya halatta, milimita 160 ne ko 180.

Yanzu nauyi. Giram 300 ne tsakaninsu, bai kai rabin gorar ruwan da kake ɗauka ba. Na biyun ma nauyinsa kusan ɗaya yake da shok na tsere mafi tsada, ya kuma fi shok mai arha sauƙi da kilo guda ko kusa da haka. Wanda sauƙin nauyi ne burinsa, fok na kabon ya kamata ya nema, domin yawancinsu ba sa wuce giram 600 zuwa 750. Abin da ƙarfe ke ba ka daban ne: idan ya sha karo yakan lanƙwashe a gani kafin ya karye, kabon kuwa yana iya tsagewa daga ciki ba a sani ba. Ba kuma zancen canza mai da roba, alhali kamfanin RockShox mai ƙera shok yana ba da shawarar a buɗe ƙafafun shok a gyara bayan kowace awa 50 ta hawa. Abin da za ka tabbatar shi ne dukansu na ƙarfen kuromoli ne, wanda ake rubuta wa 4130, ba ƙarfen gama-gari ba. Mai sauƙin, da yake jikinsa ya fi siranta, zai ɗan fi laushi a kan tsakuwa, amma zai fi karkarwa idan mutum mai jiki ya kama birki a gangare.

Laushin da ake yabon ƙarfe da shi gaskiya ne, amma kaɗan ne. Taya ce za ta zame maka shok daga yanzu, saboda haka ka auna wanda ya fi ba taya fili tsakanin ƙafafunsa. Taya mai faɗin inci 2.4 zuwa 2.6, marar tib, da iska kaɗan, ta fi duk wani bambancin ƙarfe tasiri a wuyan hannunka.

Ni dai na 485 zan ɗauka, muddin ya shiga wuyan firam ɗinka kuma ya dace da wilinka. Na 470 sai idan awonka ya nuna ƙasa da 480, ko wuyan kekenka siriri ne. Idan ka zo yanke bututun wuyan, ka bar rarar santimita biyu ko uku ka cike da zobba, domin masu hawa marar shok sukan so su ɗan ɗaga kan keke bayan sun gwada, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Kafin ka ɗaura, ka fesa man hana tsatsa cikin bututun da cikin ƙananan ramukan da ke jikin ƙafafun.