Madarar aya ko ta kwakwa: wacce ta fi yin askirim ga yarinyar da madara ke ɓata wa ciki?

Salamu alaikum Hajiya. Kin ce 'yarki mai shekara 9 duk sanda ta sha burkina, wato haɗin gero da nono, ko askirim na kanti sai cikinta ya kumbura ya dinga ƙugi, wata rana har da zawo. Ga zafin Kumasi ya sako kai, ƙannenta na lasa tana kallo. Tambayarki ita ce tsakanin madarar aya da ta kwakwa wacce za ki ɗauka ki haɗa mata a gida, alhali ba ki da inji, sai bilenda da firiza. In dole sai ɗaya, ki ɗauki kwakwa. Amma ni ba na raba su, ga kuma dalilina.

Kafin mu shiga kicin, ki tabbatar da wace matsala ce take damunta, don iri biyu ne kuma mutane na cakuɗa su. Ta farko ita ce ciki ya kasa narkar da sukarin da ke cikin madara, wanda ake kira laktos. Wannan ba baƙon abu ba ne: kusan kashi biyu bisa uku na manyan mutanen duniya haka suke, kuma a Afirka ta Yamma abin ya fi yawa, in ban da makiyaya irin Fulani da da yawansu ke shan nono har tsufa lafiya lau. Yakan fara bayyana ne bayan yaro ya ɗan tasa, shi ya sa uwa take mamaki, ta ce ai da tana sha babu komai. Alamominsa su ne waɗanda kika lissafa. Yana takura, amma ba ya kisa. Ta biyu ita ce jiki ya ƙi furotin ɗin madarar kansa. A nan za ki ga borin jini, leɓe ko ido ya kumbura, amai, ko numfashi ya dinga sarƙewa. Wannan kam ba a gwaji da shi a gida, ko ɗigo ba a ba yaro, asibiti ake nufa. Bayaninki ya fi kama da na farko, sai dai likita ne zai yanke, musamman in tana ramewa.

To, me madara take yi a cikin askirim da har muke neman madadinta? Tana ba da mai, tana ba da kauri. Ruwa zalla in ya daskare ƙanƙara yake zama, mai da sukari da kauri su ne suke hana ƙwayoyin ƙanƙarar girma har harshe ya ji su. Da wannan ma'aunin za mu auna su biyun.

Wajen mai, kwakwa ta yi wa aya fintinkau. Madarar kwakwa mai kauri, ta matsar farko, tana ɗauke da mai wajen kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari, madarar saniya kuwa ba ta wuce 3 zuwa 4 ba. Shi ya sa askirim ɗin kwakwa yake fitowa da santsi, cokali ya shige shi ba gardama. Busasshiyar aya ita ma tana da mai, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinta, amma da zarar kin markaɗa da ruwa kin tace, abin da ya rage a ruwan kaɗan ne. Ki zuba kunun aya irin na sha a firiza ki gani: gobe sai dai ki nemo taɓarya.

Sai dai man kwakwa na da nasa hali. Yana daskarewa tun sanyi bai kai ko'ina ba, ƙasa da digiri 24 ma ya fara ƙullewa. Madarar da kika matse da hannunki, in kika sa ta a sanyi haka nan, man zai taso sama ya rabu da ruwan, ki ƙare da gudaji-gudaji masu manne wa dasashi. Yara ba sa son wannan ko kaɗan. Maganinsa a ɗora ta a wuta kaɗan-kaɗan tare da abin da zai riƙe ta, wato sitaci.

Nan ne aya take rama bashinta. Duk mai yin kunun aya ta san ba a dafa shi, don yana jin wuta zai yi kauri ya koma kamar koko. Sitacin da ke cikin ayar ne ke jawo haka. Ga mai neman abin sha aibi ne, ga mai neman askirim kuwa abin nema ne ya samu. 'Yan'uwanmu Asante da Fante sun daɗe da sanin wannan, ai da shi suke yin faten atadwe, wato aya a yarensu, da ake markaɗawa da 'yar shinkafa a dama a wuta har ya kama jikinsa. Saboda haka abin da kwakwa ta rasa yana wurin aya, abin da aya ta rasa yana wurin kwakwa. Mu ma ba sabon haɗi ba ne a wurinmu, kunun ayarmu tun asali da kwakwa da dabino ake markaɗa shi.

A ɗanɗano ni aya nake ba gaba. Zaƙinta nata ne, tana da gardi, ba ta neman sukari da yawa, kuma ba ta ginsa. Kwakwa tana da ƙarfin ƙamshi, duk abin da kika zuba mata sai ta fito ta samansa. Da abarba ko mangwaro ko garin koko tana tafiya daidai, amma yaron da ya saba da askirim na masu keken Fan Milk, da tun shekarun 1960 suke busa ƙaho a titunan Ghana, zai lasa ya ce miki wannan kwakwa ce. Aya ta fi kusa da abin da bakinsa ya sani.

Wahalar aiki kuwa kowacce da tata. Kwakwa: ki nemi busasshiya mai ɓawo mai tauri, ba ɗanyar da ake sara wa mutane a baro ba, waccan namanta ba ya ba da madara. Ki girgiza ki ji ruwa, ki duba idanunta uku babu fumfuna. Yawancin wadda ke shigowa kasuwar Kejetia daga yankin Yamma take, ƙasar Nzema. Fasawa da ɓamɓarewa da gogewa ne aikin, cikin awa ɗaya kin gama. Aya ba ta son gaggawa. Sai kin tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, kin wanke sosai, kin jiƙa busasshiya awa 12 zuwa 24 kina canja ruwa, in ba haka ba bilenda ce za ta ji a jikinta. Ana noma ta sosai a Kwahu, wajen Aduamoa, kuma baƙa da ja duk suna yi. Abu ɗaya: in a gidanku akwai wanda gyaɗa ke tayar wa borin jini, kada ki kai injin niƙa na unguwa, ba ki san abin da aka niƙa kafin naki ba. Ita ayar kanta ba dangin gyaɗa ba ce, saiwar ciyawa ce, don haka yawancin masu matsalar gyaɗa suna cinta lafiya.

Wajen ajiya dukkansu ba su da haƙuri, amma aya ta fi saurin juyawa. A zafin Fabrairu da Maris, madarar aya da aka tace da safe aka bari a waje, kafin la'asar ta fara tsami. Ki tace, ki dafa, ki huce, ki sa a sanyi, duk a zama ɗaya.

Ga yadda nake haɗawa. Kofi 1 na aya da aka jiƙa, a markaɗa da ruwa kofi 1 da rabi kawai, a matse a kyalle mai tsabta. Kwakwa 2 a goge, a zuba ruwan ɗumi kofi 1 da rabi, a matse, a ɗauki matsar farko kaɗai, ta biyun ki ajiye wa shinkafa. In ta gwangwani za ki yi amfani da ita, mai mililita 400 guda ɗaya ta isa. A haɗa su a tukunya da sukari kashi uku bisa huɗu na kofi da ɗan gishiri a bakin yatsa, a sa wuta ƙasa-ƙasa ana juyawa ba tsayawa, har ya yi kaurin da zai lulluɓe bayan cokali. Kada ya tafasa. In bai kama ba, ki dama babban cokali 1 na sitacin masara a ruwan sanyi ki ƙara. Ki ɗanɗana: ya kamata zaƙin ya ɗan zarce yadda kike so, don sanyi na dakushe zaƙi. Kuma kada tausayi ya sa ki rage sukarin da yawa, shi ne yake hana abin yin tauri. Dabino 5 ko 6 da aka jiƙa aka markaɗa za su iya maye gurbin wani ɓangare nasa.

Tunda babu inji, hanya biyu ce. Ko ki zuba a faffaɗan mazubi ki dinga fito da shi duk bayan minti 40 kina bugawa da cokali mai yatsu, sau uku ko huɗu. Ko kuma, wadda ta fi sauƙi, ki zuba a farantin ƙanƙara mai gida-gida ya kwana, da safe ki juye a bilenda ki markaɗa da ayaba 1 nunanniya da ita ma ta kwana a firiza. Ayabar nan ba ƙaramin aiki take yi ba. Ranar da ba ki da lokacin aya ko kwakwa, ita kaɗai ma in an yanka an daskarar an markaɗa askirim ce.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne wajen abin ƙari. Milo akwai madara a ciki, haka yawancin cakulan. In kina son na cakulan ki nemi garin koko zalla, irin wanda ake sarrafawa a Tema, ki karanta jikin kwalin. Garin da ake sa wa shayi a ce ba na madara ba ne, da yawansa akwai caseinate, wanda daga madara ake ciro shi. Duk inda kika ga whey ko milk solids, madara ce ta canja riga. Abele walls, wato askirim ɗin da ake haɗawa a gida ana sayarwa a unguwa, shi ma yawanci da madarar gari ake yi, ki tambayi mai yi kafin ki saya mata.

Sai maganar wuta, tunda ba mu manta da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 ba, kuma har yau ana ɗaukewa. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi har kwana 2, mai rabin kaya kwana 1. In askirim ya yi laushi amma da sauran ƙanƙara a jikinsa, a shanye a ranar. In ya narke ya koma ruwa, kada a mayar da shi, musamman mai aya. Don haka ki yi daidai na kwana uku zuwa huɗu, ba bokiti guda ba. Lokacin da wutar unguwar Aboabo ta ƙi zama, ki koma ƙanƙarar leda ta sobolo, wato zoɓo, ko tsamiya ko garin ƙwame na kuka. Su ma in sun narke sun daɗe a zubar ne, amma asarar ba ta kai ta kwakwa biyu da wahalar yini ba.

Ranar farko ki ba ta cokali uku ko huɗu kawai, ki jira zuwa gobe. Man kwakwa in ya yi yawa yana sakin ciki, aya ma wasu tana sa su kumburi, kuma ba kya so ki rasa gane wanne ne ya yi laifin. In ta kwana lafiya ki ƙara mata rabin kofi. Ki yi da ɗan yawa fa, don ƙannen nata ba za su bar mata ita kaɗai ba. Allah ya ba ta lafiya.