Ajin Rashancin nan na Zoom a Jidda, ga yadda na gan shi

Masu ta tambayata a grup kan ajin Rashancin da 'yan matanmu ke shiga, to ga nawa, tunda 'yata tana ciki kuma nima nakan zauna gefe ina saurare. Malamar 'yar Sudan ce, likita, a Rasha ta yi karatu, yaƙi ne ya kawo ta Jidda. Kuɗin da sauƙi, wata-wata ake biya, bayan isha ake yi.

Ɓangaren yaren dai a gaskiya sai a hankali. Haruffan nan nasu 33 an daɗe ana maimaita su, netwok ɗinta yana yawan yankewa, kuma ba ta cika duba aikin gida ba.

Amma duk ranar Alhamis tana yin tarihin matan Rasha, kuma wallahi wannan kaɗai ya isa kuɗin. Ta faro daga makarantar 'yan mata ta Smolny da sarauniya Katarina ta kafa a 1764, wadda 'ya'yan manya aka gina wa, har a ƙidayar 1897 ma matan da suka iya karatu kusan kashi 13 ne kacal cikin ɗari. Sai labarin Nadezhda Suslova, ubanta cikin bauta aka haife shi, da aka hana mata karatun likita a gida ta tafi Zurich ta samo digiri a 1867. Sofya Kovalevskaya kuma auren yarjejeniya ta yi don kawai ta samu izinin fita waje, ta yi dakta a lissafi a 1874 har ta zama farfesa a Stockholm. Yaran nan tsit suka yi, yawancinsu ai likitanci suke so kuma sun san wahalar neman gurbi a jami'a in kana zaune da iƙama, wato takardar zaman baƙi a Saudiyya.

Abin da ya burge ni da ita ba ta yi wa zamanin Sobiyet kwalliya. Ta ce eh, an yi yaƙi da jahilci, mata sun kai kusan kashi 70 na likitoci, Valentina Tereshkova ta zama mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1963, amma likita mace sai ta dawo daga asibiti ta shiga layin burodi ta zo ta ɗora tukunya, maigida yana miƙe da jarida, kuma albashin likitan bai taka kara ya karya ba.

Inda na ga gazawarta, matan Musulmi ba sa cikin tsarinta sam, sai da wata Hajiya 'yar Makka ta ce "Dakta, to namu fa?" sannan ta kawo Mukhlisa Bubi, malama 'yar ƙabilar Tatar, Musulman Rasha, da ta jagoranci makarantar 'yan mata, aka zaɓe ta alƙaliya a 1917, gwamnatin Stalin ta kashe ta a 1937. Haba Dakta, wannan ai da ita ya kamata a buɗe, ba a jira sai an tambaya ba. Kamfen ɗin cire lulluɓi na 1927 a Uzbekistan ma taɓa shi kawai ta yi ta wuce.

Wadda ke shirin tafiya Rasha bana ta haɗa da wani ajin na nahawu, wannan shi kaɗai ba zai kai ta ba. Na ce wa malamar ta riƙa ajiye rikodin saboda masu aikin dare, ta ce insha Allah daga wata mai zuwa.