Dima mara waya don fitilun LED: wadda zan saya da waɗanda zan wuce

Duk wanda ya shiga neman na'urar rage hasken fitila, wadda masu wayarin ke kira dima, zai tarar da iri-iri da ake sarrafawa daga nesa: mai ɗan rimot, mai Wi-Fi, mai Bluetooth, mai Zigbee, mai Z-Wave, ga kuma ƙwayayen da ke rage haskensu da kansu. Tun yanzu zan faɗa maka inda na tsaya. Zaɓina shi ne ƙaramar dima ta Zigbee da ake cusawa cikin ramin bango a bayan makunni, mai yanka wuta ta baya, mai neman wayar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta bayan ta ratsa ƙwai. Sauran zan taɓa su, amma ba zan daɗe a kansu ba.

Kafin a zo kan hanyar aika umarni, sai an san abin da dima ke yi wa ƙwai, domin a nan yawancin kuɗin mutane ke salwanta. Wutar gida tana kai da komo sau 50 ko 60 a daƙiƙa, gwargwadon ƙasar da kake. Dima ba ta rage ta a hankali kamar mai murɗa kan famfo. Gutsure ta take yi, a kowane zuwa ta cire wani yanki. Dimomin da suka biyo bayan wadda Joel Spira ya ƙera a 1959 suna gutsure farkon zuwan, daga nan su saki wutar gaba ɗaya lokaci guda. Tsohon ƙwai mai zaren wuta a ciki bai damu da wannan ba. LED kuwa yana da 'yan kayan lantarki a gindinsa, kuma wannan bugun na ba-zata shi ne ke sa ka ji ƙwai yana ƙara ziii, ko haske ya riƙa rawa, ko ƙwan ya mutu tun bai tsufa ba. Dima mai yanka ta baya tana barin wutar ta hau da kanta, sannan ta datse ƙarshenta. Ta fi dacewa da yawancin ƙwayayen LED. A jikin kwali za ka ga an rubuta trailing edge ko haruffan RC. Idan RL kaɗai ka gani, ta tsohon yayi ce. Shi ma ƙwan dole a rubuta masa dimmable, in ba haka ba babu dimar da za ta lallashe shi.

Sai lissafin nauyi. Adadin wat da ake bugawa da manyan lambobi sau da yawa na tsohon ƙwai ne. Dubi yadda kamfanin Lutron ke rubuta wa dimarsa ta Caséta: wat 600 ga tsofaffin ƙwayaye, amma wat 150 kacal ga LED, saboda LED yana fizgar wuta mai yawa a ƙiftawar farko da aka kunna shi. Haka kamfani mai gaskiya ke rubutu, lamba biyu daban-daban. Ita Caséta na'ura ce mai kyau, sai dai an yi ta don wutar bolt 120 irin ta Amurka, don haka mai wutar 220 zuwa 240 ya manta da ita kawai.

To me ya sa Zigbee, wannan hanyar da na'urorin gida ke aika wa juna saƙo ba tare da waya ba? Abu na farko, ba ta neman izinin kowa a waje kafin ta kunna maka fitila. Umarni yana tashi daga wayarka ko rimot zuwa ɗan akwatin da ke haɗa na'urorin gidan, wanda ake kira hob, daga nan zuwa dima. Idan ka sami hob mai aiki a cikin gida, intanet ta yanke ko kada ta yanke, babu ruwanka. Akwai ma rimot da ake ɗaura shi kai tsaye da dimar, ya ci gaba da aiki ko an zare hob ɗin daga soket. Abu na biyu, na'urorin Zigbee da ke jone da wuta kullum suna miƙa wa juna saƙo, ta falo ta ba ta baranda, ta baranda ta ba ta ɗakin baya. Ma'ana, kana ƙara na'urori isar saƙon tana ƙaruwa, saɓanin Wi-Fi inda kowace sabuwar na'ura ƙarin kaya ce a kan rawuta ɗaya, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida. Kuma ba fasahar jiya ba ce. A kanta fitilun Philips Hue suka tsaya tun 2012, IKEA ma da ita ya yi fitilunsa na Trådfri, kuma ƙungiyar Connectivity Standards Alliance ce ke kula da ƙa'idarta, ba kamfani guda ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne makunnin bango yana nan a inda yake. Baƙo, yaro, tsoho, kowa ya shigo ya danna kamar yadda ya saba, fitila ta kama. Babu wanda za ka tsaya yi wa bayanin manhaja da tsakar dare. Aibinta ɗaya ne a wurina: sai ka sayi hob, kuma ba kowane hob ke karɓar kayan wani kamfani hannu bibbiyu ba. Ka duba jerin na'urorin da hob ɗinka ke ɗauka kafin ka biya.

Na matsa kan maganar intanet ne saboda an taɓa gasa mini aya a hannu. Wata dima ta Wi-Fi ce, ta wani kamfani da ba sai na kama suna ba. Kana tsaye a gabanta, taku biyu tsakaninku, amma idan ka taɓa waya sai umarnin ya tafi kwamfutar kamfanin a wata ƙasa ya dawo kafin haske ya motsa. Ranar da intanet ta yi rauni, sai ka zuba wa ɗan da'irar nan ido tana juyawa a fuskar waya. Daga baya aka sabunta manhajar, aka cire samfurin daga cikinta, babu sanarwa babu ban-haƙuri. Kuma wannan ba a kan ƙananan kamfanoni kaɗai yake faruwa ba. A watan Afrilun 2022 Insteon, wanda ya shekara da shekaru a wannan harka, ya kashe kwamfutocinsa ba tare da gargaɗi ba, mutane suka wayi gari manhajarsu ba ta amsawa, sai da wasu daga cikin masu amfani da kayan suka saye kamfanin kafin abin ya dawo. Tun daga nan gwajina ɗaya ne ga kowace dima: a zare wayar intanet daga rawuta, a bar Wi-Fi na gida a kunne, a gani ko za ta amsa. Wadda ba ta amsa ba, haya kake yi, ba taka ba ce. Don adalci, akwai na Wi-Fi da ke cin wannan gwajin, kamar na kamfanin Shelly, kuma ƙa'idar Matter, mai haɗa na'urorin kamfanoni daban-daban, da ta fito a 2022 ita ma a cikin gida take aiki. Mai ɗaki ɗaya ko biyu da ba ya son sayen hob zai iya bin nan.

Bluetooth tana da sauƙin haɗawa, amma bango biyu sun isa su gajiyar da ita. Z-Wave ba ta da laifi, sai dai zangon rediyon da take aika saƙo a kai ya bambanta, wajen 908 MHz a Amurka, 868 a Turai, ka sayo ta wani yanki ta ƙi gaisawa da hob ɗinka. Mai ɗan rimot na 433 MHz ranar da rimot ya ɓata ranar ta gama aiki, kuma masu arahar cikinsu rimot ɗin maƙwabci ma yana iya kashe maka fitila. Ƙwayaye masu rage haskensu da kansu kuwa, da zarar wani ya kashe makunnin bango sun kurmance, kuma kada ka kuskura ka jona su a bayan dima.

Doguwar fitilar LED mai gam a baya, wadda ake sayarwa a naɗe, lissafinta daban ne. Da bolt 12 ko 24 take aiki ta hanyar adafta, kuma dimarta tsakanin adafta da fitilar ake sa ta, ba a bango ba. Ita kunnawa da kashewa take yi da saurin da ido ba ya kamawa. Naɗin mita 5 mai cin wat 14.4 a kowace mita ya kama wat 72, wato amfiya 6 a kan bolt 12. Dimar da adaftar duk su haura haka, a bar musu rarar kamar kashi 20 cikin ɗari.

A nan ne jabu ya yi katutu, kuma ina so ka saurare ni da kyau, domin abin da za ka rufe a cikin bango ko bayan labule ba abin wasa ba ne. Na taɓa riƙe wata ƙaramar dima ta fitilar naɗi da aka buga wa amfiya 30 a jiki. Nauyin da ke kanta bai kai rabin rabin haka ba. Warin robar da ta soma ƙonewa ne ya kai ni wurin. Ɗan kusoshin da ke matse waya ya yi baƙi, farar robar da ke kewaye da shi ta koma ruwan ƙasa ta lotsa, ramin shigar wayar kuwa ko wayar da ta dace da amfiya 30 ba za ta shige shi ba. Wannan kaɗai ya isa shaida. Ka dubi girman ramin waya, ka gwada da lambar da aka buga. Idan lambar ta yi girma ramin ya yi ƙanƙanta, lambar ce ƙarya.

Akwai wasu dabarun. Alamar CE, wadda ke nufin kaya sun cika ƙa'idar Turai, a mafi yawan irin waɗannan kaya mai ƙerawa ne ke sa wa kansa, don haka ganinta kaɗai ba ya nufin wani ya gwada. Alamar UL kuwa, ta wata hukumar gwajin kaya a Amurka, tana zuwa da lambar da za ka iya bincikawa a shafin hukumar, kuma mai jabu yakan buga tambarin ya bar lambar. Haka Zigbee: ƙungiyar da ke kula da ita tana da jerin kayan da ta tantance. Wasu 'yan kasuwa sukan rubuta 2.4G da manyan haruffa, su jefa kalmar Zigbee a cikin tallan, alhali abin da ke cikin kwalin rimot ne na kamfaninsu kaɗai da ba ya magana da kowane hob. Zango ɗaya suke, yare daban. Wasu sukan haɗa tsohuwar dima mai TRIAC, irin mai gutsure farkon zuwan wuta, su rubuta mata cewa ta LED ce, ba tare da faɗin ta ina take yanka ba. Wanda ya ɓoye wannan, ya san abin da yake ɓoyewa. Kwalin da babu sunan mai ƙerawa, babu adireshi, babu zanen yadda ake jona wayoyi, babu mafi ƙarancin nauyin da dimar ke buƙata, ajiye shi. Manhajar da ta ce sai ka ba ta lambobin mutanenka da hotunanka kafin ta kunna ƙwai, goge ta. Su ma ƙwayayen ana yi musu ƙaryar dimmable, don haka ka sayi guda ɗaya ka gwada kafin ka cika gida da su. Araha ba ta ado, balle a kan abin da zai kwana jone da wuta kana barci.

Wajen sakawa, a kashe bireka, sannan a tabbatar da testa cewa babu wuta, ba a dogara da rubutun da ke jikin akwatin bireka ba. Wanda bai saba da wayarin ba ya kira mai aikin, wasu ƙasashen ma doka ce. Ka ɗauki hoton wayoyin kafin a kwance ko ɗaya. Abin da za a fara nema a ramin shi ne nutural, domin tsofaffin gidaje da yawa layif, wato wayar da ke kawo wuta, kaɗai ke sauka wurin makunni. Akwai dima da ke aiki babu nutural, amma tana rayuwa ne da 'yar wutar da take ja ta cikin ƙwan, shi ya sa za ka kashe fitila ka ga tana wani dushi-dushi da dare, ko tana walƙiya jefi-jefi. Maganinsa ɗan kafasita ne da ake jonawa a wurin ƙwan. Yana aiki, amma in akwai halin jawo nutural, a jawo. A duba zurfin ramin kada a danne wayoyi da ƙarfi, kuma in akwatin na ƙarfe ne yana iya rage isar saƙo. Fanka da soket ba su hawa kan dimar fitila ko kusa. Mai inbata wadda wutarta ba santsi gare ta ba shi ma ya sa ran ƙara da rawar haske.

Bayan an haɗa ta da hob, saituna uku ne mutane ke tsallakewa su dawo suna zagin na'ura. Faɗa mata irin makunninka, mai tsayawa ne ko mai dawowa bayan an danna. Saita mafi ƙarancin haske: ka yi ta ragewa har ƙwan ya soma rawa, sannan ka ɗan ɗaga sama da nan ka kulle. Sai ka zaɓi abin da za ta yi idan wuta ta ɗauke ta dawo, domin wasu da cikakken haske suke tashi, ko da ƙarfe biyun dare ne a ɗakin jariri. Daga nan ka rage hasken zuwa rabi, ka ɗauki bidiyon ƙwan da kyamarar waya a yanayin tafiyar hawainiya. Idan ka ga baƙaƙen layuka suna gudu a hoton, ƙwan da dimar ba su jitu ba. Canza ƙwan tukuna, in abin bai gyaru ba ka mayar da dimar tun wa'adin karɓar kaya bai ƙare ba.