Kabeji a firji: na dunƙule da yankakke, wanne ya fi riƙe amfaninsa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko sanyin firji yana cinye amfanin kabeji, kika kuma ce ke kina yayyanka shi tun ranar da kika saya, ki zuba a roba ki rufe, ki riƙa ɗiba har mako ya zagayo. To, sanyin ba shi ne abin zargi ba. Mu ɗauki kabeji biyu mu sa a firji ɗaya, wannan a dunƙule, wancan yankakke, mu ga yadda kowanne zai kaya.

Na dunƙulen yana da rai ko bayan an yanko shi daga gona. Yana numfashi, yana cin abin da ya tara a jikinsa, sanyi kuma rage masa wannan saurin yake yi. Shi ya sa manyan masu ajiya ke sa shi a digiri 0 na Selshiyos cikin iska mai laima sosai, irin mai tauri ya kai wata 5 zuwa 6 bai lalace ba. Firjin gida yakan tsaya wajen digiri 4, kuma ya isa ya riƙe shi makonni. Ganyen waje ne ke shan wahala, su yi yaushi, ki ɓare su ki tarar da ciki garau, yana ƙaras-ƙaras.

Yankakken kuwa labarinsa daban ne. A cikin ganyen kabeji akwai sinadarai da ake kira gulukosinolet, akwai kuma wani mai suna mayirosines wanda ke sarrafa su. An raba musu ɗaki, ba sa haɗuwa muddin ganyen bai ji ciwo ba. Wuƙa na ratsawa sai bangon ya rushe su gauraya, nan take a samu sababbin sinadarai masu ɗan yaji. Wannan warin da ke bugun hanci idan kina yanka, shi ne. Su ne kuma masu bincike suka fi zuba wa ido wajen kare lafiyar jiki. Matsalar ita ce ba sa daɗewa, wasu su bi iska, wasu su rikiɗe. Yankan minti kaɗan kafin a ci riba ne. Yankan kwana 5 kafin a ci, ribar ta tafi a cikin roba.

A 2007 masu bincike a Jami'ar Warwick ta Ingila sun gwada kabeji da danginsa. Waɗanda aka ajiye ba a yanka ba, gulukosinolet ɗin da suka rasa cikin kwana 7 kaɗan ne. Waɗanda aka yi wa yanka ƙanana sosai kuwa, asarar ta kai har kashi 75 cikin 100 a awa 6 kacal. Ki dubi wannan tazara, mako guda a gefe ɗaya, rabin yini a ɗaya gefen.

Haka bitamin C. Giram 100 na ɗanyen koren kabeji yana da kusan miligiram 36, jan kabeji wajen 57. A na dunƙule ganye ya rufe ganye, iska ba ta samun hanya, raguwar a hankali take. A yankakke kowane sili buɗaɗɗen baki ne da iska ke ci. Ki buɗe robarki a rana ta uku, za ki ga gumi a jikin murfin, gefen yankan ya fara yin toka-toka. Idan kika sake wanke shi a lokacin, wani bitamin ɗin ya bi ruwa.

Launin jan kabeji, wanda sinadarin antosayanin ke bayarwa, yana jure sanyi sosai, babu abin damuwa a nan.

Kada dai ki ce bari ki tsere zuwa firiza. Ƙanƙara tana tsaga ganyen ta ciki kamar yadda wuƙa ke yi ta waje, idan ya narke sai ya saki ruwa ya yi laɓo.

Da ni ce ke, zan bar shi a dunƙule, ba wanki, a cikin leda mai 'yan huji a aljihun ƙasa na firji. In kin tashi girki ki yanki ɓarin da za ki yi amfani da shi, ki bar ƙashin tsakiyar a jikin sauran, ki naɗe fuskar da aka yanka da leda sosai. Ki nisanta shi da tuffa da ayaba, domin iskar etilin da suke fitarwa tana sa ganyensa ya yi rawaya ya riƙa zubewa. In kuwa aiki ya yi miki yawa dole sai kin yanka tun da wuri, ki yi manyan yanka, ki tsane ruwan, kuma kada ya wuce kwana 2.